Tarihin Kwale-kwalen Alminiyam da Al'adar Farfaɗo da Shi

Ƙaramin kwale-kwalen alminiyam, wato goran ruwa, shi ne jirgin mai ƙaramin ƙarfi a ƙasar Amurka. Tsawonsa bai cika wuce ƙafa 12 zuwa 16 ba, da benci biyu ko uku a gicciye, da ɗan inji a maƙale a bayansa. Mutum biyu na iya ɗaga ƙananan cikinsu su ɗora a kan mota, manyan kuwa a ƙaramar tirela ake jan su. Da shi ake fita kamun kifi da fatsa a tafkunan Minnesota da Wisconsin da kogunan kudancin ƙasar, da shi kuma magidanci kan kwashi iyalinsa ranar hutu su zaga ruwa shan iska. Dubban waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960 suna nan har yau, wasu a kan ruwa, wasu a kife a bayan gida ciyawa ta lulluɓe su. A kansu ne wata al'ada ta kafu, ta sayen tsohon jirgi da araha a kai shi gareji a farfaɗo da shi.

Ƙarfen da ake ƙera shi da shi sabo ne a hannun ɗan Adam. Ko da yake babu ƙarfen da ya kai alminiyam yawa a ɓawon ƙasa, ba a samunsa tsantsa, kullum a cakuɗe yake da wasu sinadarai, kuma raba su aiki ne ja. Sai a 1825 masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya iya fitar da ɗan kaɗan. Shekaru da dama bayan haka tsadarsa ta sa sai kayan ado da na manya ake yi da shi. A 1884, da aka gama hasumiyar tunawa da George Washington a babban birnin Amurka, ɗan curin alminiyam da bai kai kilo 3 ba aka ɗora mata a ka, kuma abin nunawa ne a lokacin. Shekara biyu bayan nan, a 1886, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Farashinsa ya faɗi warwas, masu ƙere-ƙere suka fara neman inda za su sa shi.

Maƙeran jiragen ruwa ba su yi jinkiri ba, domin abu biyu sun ja hankalinsu. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe. Sannan da zarar iska ta taɓa shi sai wata 'yar fata siririya, wadda ido ba ya gani, ta rufe shi ta hana tsatsa shiga. In an kankare ta, nan take wata ta maye gurbinta. Kamfanin Escher Wyss na birnin Zurich a Suwizalan ya ƙera ƙaramin jirgin alminiyam a 1891, ya kuma biyo da wani mai suna Mignon, wanda ya yi wa Alfred Nobel, mutumin da ake ba da kyautar Nobel da sunansa.

Faransawa 'yan mulkin mallaka su ma sun ga amfaninsa ta wata fuska, wadda ta shafi ƙasashen bakin kogin Kwara kai tsaye. Jirgin da ba shi da nauyi ana iya ƙera shi gunduwa-gunduwa a Turai, 'yan dako su ɗauke shi a ka su ratsa daji, a harhaɗa shi a bakin kogi. Da irin wannan jirgi, mai suna Davoust, wani hafsan sojan ruwa, Émile Hourst, ya gangaro Kwara a 1896 daga wajejen Tumbuktu. Ya yi watanni a kusa da garin Say, a Jamhuriyar Nijar ta yau, sannan ya wuce ta ƙasar Yawuri da duwatsun Busa har ya kai teku. Ke nan masuntan Kwara sun ga jirgin goran ruwa shekara hamsin kafin talakan Amurka ya mallaki nasa, sai dai nasu ganin bai zo da alheri ba: awon ƙasa ake yi don a mallake ta.

Jirgin da ya fi koya wa maƙera darasi a wannan zamani shi ne Defender, wanda Nathanael Herreshoff ya zana don gasar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ta Kofin Amurka a 1895. Don ya rage nauyi a sama, sai ya yi ƙasan jirgin da tagulla, haƙarƙarinsa da baƙin ƙarfe, gefensa na sama da alminiyam. Jirgin ya ci gasar, ya doke Valkyrie III na Ingila. Amma tun yana sabo ya fara cin kansa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sukan zama kamar batir, wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne zai riƙa zagwanyewa. Tsakanin tagulla da alminiyam, alminiyam ne mai raunin. A 1901 aka wargaza Defender, bai ko shekara bakwai ba. Duk wanda ya taɓa gyaran tsohon kwale-kwalen alminiyam da wannan matsala yake fama, ko bai taɓa jin sunan jirgin ba.

Saura kuma matsalar gauraye. Alminiyam tsantsa yana da taushi, sai an haɗa shi da wani ƙarfe yake ƙarfi. Gaurayen da Bajamushe Alfred Wilm ya gano a farkon ƙarni na 20, wanda aka sa wa suna Duralumin, da jan ƙarfe a ciki. Ya dace da jiragen sama, amma ruwan teku yana cinye shi. Sai da aka koma haɗa alminiyam da maganiziyam aka sami abin da ke jure ruwa. A Ingila an ƙera jirgin shaƙatawa mai suna Diana II da irin wannan gauraye a 1931, ya kuma yi shekaru masu yawa yana aiki. Gaurayen da masana'antu ke yi wa lamba 5052 da 5086 da 5083, waɗanda ake yin jikin kwale-kwale da su a yau, duk 'yan wannan gida ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da alminiyam kayan kowa. Amurka ta ƙera jiragen sama kusan 300,000 a lokacin yaƙin, ta gina masana'antun tace ƙarfen, ta horar da ɗimbin ma'aikata, mata da maza, aikin lanƙwasa falle da buga ribit, wato ƙusar nan mai kai wadda ake daddatse ƙarshenta ta ɗinke falle biyu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai ga injuna da ma'aikata da tarin ƙarfe, babu mai odar jirgin yaƙi. Kamfanin Grumman na jihar New York, mai ƙera jiragen Wildcat da Hellcat, yana cikin waɗanda suka riga kowa samun mafita. A 1944 wani babban jami'insa, William Hoffman, ya je kamun kifi a tsaunukan Adirondack, ya sha wahalar saɓa kwale-kwalen katako daga wannan tafki zuwa wancan, ya dawo da shawarar a yi irinsa da fallen jirgin sama. Kamfanin ya fara sayar da su a 1945, kuma a 1952 aka mayar da aikin garin Marathon. Kwale-kwalen Grumman ya cika sansanonin 'yan sikawut da wuraren haya a bakin koguna, saboda ana iya barinsa a waje rani da hunturu ba abin da zai same shi.

Jihar Minnesota, wadda ke da tafkuna sama da 10,000, ita ta zama cibiyar kwale-kwalen kamun kifi. A Minneapolis, kamfanin Flour City Ornamental Iron, wanda ya yi wa soja kayan alminiyam lokacin yaƙi, ya fito da Alumacraft a 1946. A wannan shekarar ce aka kafa kamfanin da ya zama Crestliner a Little Falls. A 1948 Howard Lund ya ƙera jirginsa na farko, na farautar agwagwar daji, a ƙaramin garin New York Mills, kuma sunan Lund na nan a jikin jirage har gobe. A Indiana akwai Starcraft, wanda asalinsa kamfanin kwamin shayar da dabbobi ne. A Texas akwai Lone Star. Can a Ostireliya ma Quintrex ya fara a 1945, jirgin ya kuma sami karɓuwa a can kamar yadda ya samu a Amurka.

Abubuwa da dama suka taru suka buɗe masa kasuwa. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Milwaukee wajejen 1909, ya riga ya yi sauƙi da araha, kuma injunan Johnson da na Mercury suna gogayya da shi. Gwamnatin Amurka ta yi ta gina madatsun ruwa tun daga shekarun 1930, musamman a kwarin kogin Tennessee, manyan tafkuna suka bayyana a inda da gonaki ne. A 1950 majalisa ta zartar da dokar Dingell-Johnson, wadda ke karɓar haraji a kan kayan kamun kifi ta mayar wa jihohi don kiwon kifi da kula da ruwa. Ma'aikacin masana'anta ya sami mota da hutun ƙarshen mako. Jirgin katako yana buƙatar fenti da toshe ɓaraka kowace shekara, in an bar shi a tudu ya bushe ya tsattsage. Na alminiyam kuwa sai a kife shi a jikin katanga, in sanyi ya wuce a juya shi a tura ruwa. Jirgin faiba, wanda ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1950, ya ƙwace kasuwar masu son ƙyalli da gudu, amma bai iya ture alminiyam daga hannun masu fatsa ba, don yana da nauyi kuma ba ya son karo da dutse. A 1978 Johnny Morris na Missouri ya fito da Bass Tracker, jirgi da inji da tirela a farashi ɗaya, abin da ya ƙara sauƙaƙa mallakarsa.

Yawancin jiragen wancan zamani da ribit aka ɗinke su, irin ɗinkin jirgin sama, don shi ma'aikatan suka iya, kuma fallen siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita 2 ba. Waldar alminiyam tana da wuyar sha'ani. Ƙarfen yana narkewa a zafi digiri 660, amma fatar da ke kansa sai an haura digiri 2,000, ga shi ba ya yin ja ya gargaɗi mai walda kafin ya zube. Waldar da ake yi da iskar gas mai kare narkakken ƙarfe, wadda aka inganta a masana'antar jiragen sama ta Northrop a farkon shekarun 1940, ita ta magance wannan, amma ta daɗe kafin ta zama ruwan dare a ƙananan jirage. Har yanzu masu fatsa na gardama a kan wanne ya fi. Gaskiyar magana kowanne da lagonsa: ribit yakan saki ya riƙa yoyo, walda kuma takan tsage a inda jirgi ke yawan lanƙwasa.

Dokar Amurka ta kiyaye lafiyar jiragen ruwa ta 1971 ta raba tsofaffin jirage gida biyu. Daga ƙarshen 1972 aka wajabta wa kowane kamfani buga lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayan jirgi, wadda ke nuna maƙerinsa da lokacin da aka yi shi. An kuma wajabta sa soso mai hana nitsewa a ƙarƙashin benci ko daɓe, yadda ko ruwa ya cika jirgin ba zai tafi ƙasa ba. Jirgin da ya girmi wannan doka sau da yawa ba shi da lambar, kuma mai sayensa kan sha zirga-zirga a ofishin rajista kafin ya sami takarda. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa a fara duba takardu kafin a duba jirgi.

Abin da ya haifar da al'adar farfaɗowa a fili yake ga wanda ya leƙa cikin irin wannan jirgi: jikin ƙarfen ya fi duk abin da aka maƙala masa tsawon rai. Katako ya ruɓe, soso ya sha ruwa, fenti ya ɓare, wayoyi sun yi kore, amma fallen na nan. Mai gyara yakan fara da fitar da komai har sai jirgi ya koma kwano tsirara. Wurin da ya fi ba da tsoro shi ne bangon baya, inda inji ke rataye. A can akwai allon filawud mai kauri a tsakanin falle biyu, shi ke ɗaukar nauyin inji da turinsa. Ruwa yakan bi ramukan noti ya shiga, shekara da shekaru, har allon ya koma kamar dusa. Ana gane shi da kama ƙafar inji a girgiza: in bangon ya motsa, aiki ya samu. Sai a cire murfin sama, a zaro ruɓaɓɓen allon, in ya fito a dunƙule a aza shi a kan sabo a zana, a yanka, a shafe sabon da gam mai hana ruwa ta kowace fuska har cikin ramukan, sannan a mayar.

A nan ne darasin Defender ke dawowa, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin ɓarna. Hankali zai ba mutum cewa katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa shi ya fi dacewa da jirgin ruwa. Amma maganin da jan ƙarfe ake yin sa, kuma tun daga 2004, da aka daina sayar wa gidaje tsohon nau'in mai guba a Amurka, sabon nau'in ya ƙara yawan jan ƙarfen. In irin wannan katako ya jiƙe yana manne da alminiyam, sai ya huhhuje shi da ƙananan ramuka masu farin gari a baki. Haka fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe, wanda ake shafa wa jiragen katako da na faiba don hana gansakuka, guba ne ga alminiyam. Ko guntun wayar lantarki ko kwabon jan ƙarfe da ya faɗa ƙarƙashin daɓe ya kwana cikin ruwa zai iya barin tabo. Noti na ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa, shi ma ana shafa masa man da zai raba shi da fallen. Jirgin da ke kwana a ruwa kuma ana ɗaura masa guntun zinki ko maganiziyam, ƙarfen da ya fi alminiyam rauni, don shi ya zagwanye a madadinsa.

Neman yoyo aiki ne na haƙuri. Ana ɗora jirgi a kan tirela a busasshen wuri, a toshe mafitar ruwa, a zuba ruwa a ciki daidai inda yakan nitse, ba fiye ba, don nauyin ruwa na iya buɗe shi. Mai gyara ya kwanta a ƙasa da alli a hannu, duk ribit ɗin da ya ga ɗigo ya taru a kansa ya zagaye shi. Ribit da ya saki yakan bar baƙin zobe a kewayensa, alamar yana motsi yana goga falle. Gyaransa sai mutum biyu: ɗaya ya danna dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kan ribit ta waje, ɗaya ya buga ta ciki da guduma, bugu biyu ko uku masu sauƙi, har ya sake kamawa. In an zafafa bugu sai fallen ya miƙe, ramin ya ƙara faɗi. Wanda ya ƙi kamawa sai a huda shi a cire, a sa wani da ya ɗan fi shi kauri. Masu gaggawa kan kira mai walda ya bi layin ribit ɗin, amma zafin yakan ƙone abin toshiyar da ke tsakanin fallayen, ya kuma raunana ƙarfen da ke gefe, yoyon ya koma gaba kaɗan.

Soson da ya sha ruwa ana fitar da shi duka, domin yana ƙara nauyi mai yawa kuma yana riƙe laima a jikin ƙarfe. Kuskure ne babba a cire shi a ƙi mayar da sabo, ko da yake wasu na yi don su sami wurin ajiya. Ranar da igiyar ruwa ta cika jirgi, shi ne kaɗai abin da zai riƙe shi a sama. Fenti ba dole ba ne, ado ne, amma ga mai so sai ya goge jikin da sanfefa, ya wanke, ya shafa fentin share fage na musamman mai kama alminiyam kafin fatar nan ta kan ƙarfen ta sake tsirowa da kauri.

Inji sana'a ce mai zaman kanta. Tsofaffin injunan Johnson da Evinrude da ake zuba musu fetur gauraye da baƙin mai suna da sauƙin gini, kuma kayan gyaransu ba su yanke ba, duk da cewa kamfanin OMC mai su ya durƙushe a 2000, aka kuma daina ƙera Evinrude a 2020. Abin da aka saba sauyawa shi ne 'yar farfelar roba mai turo ruwan sanyaya inji, wadda kan bushe ta karye, da fulogi, da man giya. Kafireta kan toshe saboda fetur da ya daɗe a ciki. Fetur ɗin Amurka na yau akasari da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol a ciki, wanda ke jawo laima yana kuma cin tsohon tiyo, don haka tiyon mai ma sabo ake sawa.

Masu wannan aiki sun kasu biyu. Akwai masu son mayar da jirgi yadda ya fito daga masana'anta, su nemo tambarinsa na asali da kalar fentinsa da injin shekararsa, wasu ma su goge ƙarfen har ya riƙa ɗaukar ido. Waɗannan su ke kai jiragensu bukin nunin tsofaffin jirage. Akwai kuma masu sake masa fasali don kamun kifi, su shimfiɗa daɓe a gaba inda za a tsaya a jefa fatsa, su sa kujera mai juyawa, da akwatin ruwa na ajiye kifi da rai, da ƙaramin injin batir mara ƙara, da na'urar gano zurfin ruwa. Wannan salo ya biyo bayan gasar kamun kifi da Ray Scott ya fara shiryawa a 1967 a tafkin Beaver na jihar Arkansas, wadda ta sa kowa sha'awar jirgi mai daɓe. Haɗarinsa shi ne nauyi. Jirgi mai ƙafa 14 an yi shi ne don a zauna a ƙasa-ƙasa. In aka ɗaga daɓe sama aka loda filawud da batura, sai ya riƙa tangaɗi, gefensa ya matso kusa da ruwa. A jikin jiragen da aka yi bayan dokar 1971 akwai ɗan allo da ke faɗin iyakar nauyi da yawan mutane da ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka, kuma duk kilon da aka ƙara a gyara daga cikin wannan lissafi yake fita. Shi ya sa gogaggun masu gyara suka koma yin ƙashin daɓen da sandunan alminiyam maimakon katako, suna kuma ajiye batir da tankin mai a ƙasa, kusa da tsakiyar jirgi.